Bayan an sa wa Hajiya ƙarfe a ƙugu

Ranar da aka sallami mahaifiyata daga asibiti, kwana 5 bayan an yi mata aikin sauya gaɓar ƙugunta na dama, ni ce na karɓi takardar sallama da ledar magunguna, domin ni ce aka fi yarda da karatuna a cikin waɗanda suka yi jinyarta. Likita ya tsaya a bakin gado ya yi mana bayani, ma'aikaciyar jinya ta ƙara nata, likitan gashin ƙashi ma ya zo ya nuna mana yadda za ta riƙa tashi da zama. Duk abin da aka faɗa na amsa da "to", Hajiya kuwa tana ta godiya da sa albarka, da aka tambaya ko akwai mai tambaya muka ce babu. Na fita daga ɗakin nan da yaƙinin na fahimci komai. Sai da muka yi kwana 18 a gida, ƙafarta ta yi kumburin da ya mayar da mu asibiti da daddare, sannan na san cewa abin da na riƙe bai kai rabin abin da aka faɗa ba.

Hajiya tana da shekara 68. Ta yi kusan shekara 6 tana fama da abin da muke kira sanyin ƙashi, ana shafa man zafi, ana sayo ƙwayoyi a kemis, har ta kai ba ta isa ƙofar gida sai da dafa bango. Da aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana cewa guringuntsin gaɓar ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Gaɓar ƙugu dai kan ƙashin cinya ne mulmulalle, yana juyawa a cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo. A wajen aikin ana yanke kan da ya lalace, a zura ƙarfe cikin ramin ɓargon ƙashin cinya, a ɗora masa sabon kai, sannan a kankare gurbin a dasa sabon ƙoƙo mai shimfiɗar roba mai tauri. Wani likitan ƙashi ɗan Ingila, John Charnley, shi ne ya daidaita wannan tsari a asibitin Wrightington a shekarar 1962. Wanda ya san cewa an tsaga fata, an raba tsoka, an yanke ƙashi, an kuma yi asarar jini, ba zai yi mamakin ciwo da kumburi da gajiya na makonni ba. Inda wahalar take shi ne rarrabe alamar da ke tafiya tare da warkewa da wadda ke cewa a tashi a nufi asibiti yanzu.

Masana harkar lafiya suna auna wani abu da za a iya kira fahimtar bayanan lafiya, wato iyawar mutum ya nemo bayani game da lafiyarsa, ya gane shi, ya auna shi, sannan ya yi aiki da shi. Na daɗe ina ɗauka matsalar waɗanda ba su yi makaranta ba ce, amma wani bincike da aka yi a Amurka a 2003 ya nuna cewa kashi 12 cikin 100 na manya ne kawai suka kai matakin ƙwarewa a wannan fanni, kuma yawancinsu da harshen da suka tashi da shi ake yi musu bayani. Mu kuwa da Turanci ake rubuta mana, a cakuɗa da gajerun kalmomin Latin irin su bd da tds da nocte, masu nufin sau biyu a rana, sau uku a rana, da kuma da dare, sannan a yi bayanin baki cikin minti kaɗan ga mutanen da suka yi kwanaki ba barcin kirki, hankalinsu yana kan sauran kuɗin da za a biya da motar da za ta kai su gida. Ina da digiri, amma na karanta sunan allurar da aka rubuta wa Hajiya ban san aikinta ba, kuma ban tambaya ba, domin na ji nauyin nuna rashin sani a gaban ƙannena.

Akwai kuma ɓangaren da ke cikin tarbiyyarmu. Idan aka ce wa Bahaushe "ya jiki?", amsa ɗaya ce, "da sauƙi", ko da ya kwana yana juyi. Amsa ce ta godiya ga Allah da kyautata zato, kuma ba na fatan mu rabu da ita a gaisuwa. Sai dai likita idan ya yi wannan tambaya bayani yake nema wanda zai yanke hukunci a kansa. Hajiya ta tashi a zamanin da mace ke haihuwa ba a ji muryarta ba, kuma a wurinta yawan faɗin ciwo raki ne. Ga shi kuma ni ce 'yar farinta, wadda ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna ta gaya mini cewa ta yi kwana 4 ba ta yi bayan gida ba. Autarmu ce ke jin irin waɗannan, ita kuma ba ta san cewa magana ce da ake kai wa likita ba. Haka muka yi kwanaki, takarda da lambar asibiti suna hannuna, labarin jikin Hajiya yana wurin auta.

Abin takaicin shi ne harshenmu yana da wadatar kalmomin ciwo. Muna da zogi da raɗaɗi da suka da tsami da sagewa, kuma kowace ɗaya tana nuna wa likita hanya dabam. Tsamin cinya bayan an motsa jiki abu ne da ake tsammani. Raɗaɗi kamar an zuba barkono, tare da sagewar da ke sauka zuwa tafin ƙafa, yana iya nuna cewa jijiyar da ke kai saƙo ta taɓu. Zogin da ke ƙaruwa kullum har ya hana barci ko ba a motsa ba yana sa a yi tunanin ƙwayoyin cuta sun shiga. Daga baya na sauya yadda nake tambayarta. Bayan mun gaisa sai in ce, "Hajiya, a ina yake? Nuna mini da hannu. Zogi ne ko tsami? Ya fi na jiya ko bai kai ba?" Tambayar da aka ba ta zaɓi a ciki tana amsa ta ba tare da ta ji kamar tana ƙorafi ba.

Yawancin abubuwan da suka tayar mana da hankali a makon farko, ashe ba na tsoro ba ne. Cinyarta ta kumbura, kumburin ya gangaro har idon sawu, musamman da yamma, amma idan ta kwanta aka ɗan ɗaga ƙafar sai ya sauka kafin safe, kuma irinsa yana iya ɗaukar watanni kafin ya tafi gaba ɗaya. Fatar bayan cinyarta ta yi duhu har gwiwa, saboda jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata yana bin gangare. Gwiwar ta riƙa ciwo har ta fara zargin an taɓa mata ita a wajen aiki, alhali ƙugu da gwiwa suna tarayya a jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, don haka ciwon ɗaya kan bayyana a ɗayan. Gefen ɗinkin ya sage, ga kasala mai nauyi, ga rashin son abinci, ga taurin bayan gida da magungunan kashe ciwo masu ƙarfi ke jawowa, wanda yawan shan ruwa da gwanda da miyar ganye suka taimaka a kai, tare da maganin da likita ya ƙara mata bayan labarin ya iso gare shi.

Wanda ya fi damunta shi ne jin da take yi cewa ƙafar da aka yi wa aiki ta fi ɗayar tsawo. Ta yi kuka a ɓoye a kan wannan, tana ganin ɗingishi ya zame mata na har abada. Likitan gashin ƙashi ya bayyana mana cewa shekarun da gaɓar ta yi tana cinyewa sun sa ƙafar ta ɗan gajarce, ƙugu ya karkace ya saba da hakan, yanzu da aka mayar da tsawon sai jiki ya ji kamar an yi ƙari. Ya ce kada a yi gaggawar ƙara wa takalmi tudu, a jira kamar wata 3 tsokoki su saki, idan har lokacin da bambanci sai a auna. Kafin wa'adin ya cika ta daina maganar.

Kuskuren da ya mayar da mu asibiti daga cikin ledar magunguna ya fito. Akwai wata ƙaramar allura mai suna enoxaparin da ake yi a fatar ciki sau ɗaya a rana. An ba mu ta kwana 10, aka rubuta mu sayi sauran. Ni na ɗauka allurar warkar da ciwo ce. Da muka koma a kwana na 14 aka cire zare, aka ce ciwo ya kame lafiya, sai muka yi shawara a gida cewa babu dalilin ci gaba da sayen allura mai tsada, Hajiya ma da ma ta gaji da ita. Allurar kuwa babu ruwanta da ciwon fata. Aikinta hana jini daskarewa a manyan jijiyoyin ƙafa, haɗarin da ke ƙaruwa sosai bayan aikin ƙugu saboda an taɓa hanyoyin jini, jiki ya shiga yanayin saurin daskarar da jini, mutum kuma ba ya yawan motsi. Shi ya sa ake ci gaba da maganin har kusan kwana 35 bayan aikin, da allura ko da ƙwaya, gwargwadon zaɓin likita. Da na san haka, da na gaya wa likita cewa kuɗin ya yi mana nauyi, domin akwai na haɗiya da zai iya duba ko sun dace da ita.

Kwana 8 bayan allura ta ƙarshe, auta ta lura Hajiya ta ƙi taka ƙafar tun la'asar. Da muka duba sai muka ga sharaɓarta ta dama ta cika ta yi tauri, ta fi ta hagu girma a fili, ga ɗumi, tana kuma jin zafi idan an taɓa. Aka ɗaga ƙafar kamar yadda aka saba, kumburin bai sauka ba. Gwaggonmu, wadda ta zo taya mu jinya, ta ce jijiya ce ta ɗaure, ta sa a ɗora ruwan zafi za ta gasa wurin ta yi mata tausa. Ba ta faɗi abin da ya saɓa wa hankali ba, domin a Hausa da kalma ɗaya, jijiya, muke kiran hanyar jini, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, kuma tausa ita muka sani da sakin jijiyar da ta ɗaure. Allah ya sa na kira lambar da ke bayan katin asibiti kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ɗauka ya tambaye ni ko ƙafa ɗaya ce ko biyu, ko tana numfashi daidai, ko tana kan maganin hana daskarewar jini, sannan ya ce, "Malama, kada kowa ya matsa ƙafar nan. Ku kawo ta yanzu."

Hoton jijiyoyin ƙafar ya nuna gudan jini a bayan gwiwa. Likita ya ce abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu ya toshe hanya, wanda alamarsa numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko bugun zuciya da sauri, ko tari da jini, kuma yana iya kashe mutum cikin ɗan lokaci. An ɗora ta a kan magani na wata 3. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne na tuna sarai an ambaci kumburin ƙafa a ranar sallama, sai dai na haɗa shi da kumburin da aka ce kada mu damu da shi, ban riƙe bambancin ba.

Bayan wannan dare na roƙi ma'aikaciyar jinya ta sake faɗa mini abubuwan da ba a jira da su, na rubuta su da Hausa. Zazzaɓi ne ya fi jan hankalina, saboda a wurinmu duk zafin jiki na cizon sauro ne, kuma hanyar kemis ta fi ta asibiti kusa. Ɗan ɗumin jiki a kwana biyun farko bayan aiki ba baƙon abu ba ne, amma zazzaɓin da ya kai digiri 38 bayan an koma gida, ko rawar ɗari, ko wurin ɗinki ya yi zafi yana tsatsar ruwa ko mugunya, ko ciwon da ya fara lafawa ya dawo yana ƙaruwa, duk suna bukatar likitan da ya yi aikin ya gani. Ƙwayoyin cuta idan suka manne a jikin ƙarfe suna yi wa kansu wani rufi mai yauƙi da ke kare su daga magani, don haka idan an kama abin da wuri ana iya buɗewa a wanke a bar ƙarfen, idan an makara kuwa wani lokaci sai an cire shi gaba ɗaya. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis kafin a je asibiti yana ɓata gwajin da zai nuna wace ƙwaya ce. Jan da takardun asibiti ke magana a kai kuma ba ya fitowa sosai a baƙar fata, zafin wurin da sheƙinsa sun fi zama abin lura. Daga ranar muka sayi ma'aunin zafin jiki muka daina dogara da taɓa goshi da bayan hannu.

A batun gocewar gaɓa ne na fi ganin tazarar da ke tsakanin takardar asibiti da gidan Bahaushe. Kafin naman da ke kewaye da sabuwar gaɓa ya warke ya riƙe ta, kan ƙarfen yana iya fita daga ƙoƙonsa. Idan haka ta faru mutum zai ji ciwo mai tsanani nan take, ya kasa taka ƙafar, ta gajarce ko ta juya, kuma mayar da ita aikin asibiti ne, ba na maɗori ba, komai ƙwarewarsa. Ta bayan ƙugu aka yi wa Hajiya aikin, don haka likitanta ya kafa mata sharuɗɗa na mako 6 zuwa 12: kada gwiwa ta ɗaga sama da ƙugu ko ta sunkuya sosai, kada ta harɗe ƙafafu, kada ta murɗa ƙafar zuwa ciki. Likitoci sun bambanta a kan tsananin waɗannan sharuɗɗa, kuma wanda aka yi wa ta gaba nasa dabam ne, saboda haka na likitan mutum su ne abin bi. Takardar da aka ba mu tana ɗauke da zanen kujera mai hannu da gado mai tudu da masai na zama. Hajiya kuwa a kan katifa a ƙasa take kwana, a kan tabarma take cin abinci da karɓar baƙi, a kan kujera 'yar tsuguno take alwala, banɗakinmu kuma na tsuguno ne. Babu wanda ya tambaye mu yadda gidanmu yake, mu ma ba mu faɗa ba, sai da muka tsaya da ita a ƙofar ɗaki a daren farko ba mu san inda za mu zaunar da ita ba.

Ƙanena ya ɗauko gadon ɗakinsa a daren, washegari kafinta ya ƙara wa wata kujerar katako tsawo, muka sayo kujera mai rami da ake ɗorawa a kan masai. Muka naɗe dardumar tsakar ɗaki, muka ajiye fitila mai caji kusa da gado saboda ɗauke wuta, domin faɗuwa a makonnin nan tana iya karya ƙashin da ke riƙe da ƙarfen. Ko dokin ƙofa sai da aka koya mata tsallakawa, haka ma matakala: wajen hawa lafiyayyar ƙafa ce ke fara wucewa, wajen sauka kuma wadda aka yi wa aiki tare da sanda. Da yake ta dama ce aka yi wa aikin, dole ta fara hawa da hagu, abin da ta tashi tana ƙi ta kuma rene mu a kan ƙinsa. Sai da aka gaya mata dalilin, cewa ƙafar da ke ɗaga nauyin jiki ita ce ya kamata ta zama mai ƙarfi, sannan ta yarda, kuma daga nan ita ce ke tuna mana idan muka yi gaggawa.

Salla ce ta fi komai nauyi a zuciyarta. Sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa ƙugu fiye da duk abin da aka hana, kuma na taɓa shiga ɗakinta da asuba na tarar tana ƙoƙarin zamewa daga kujera zuwa kan sallaya, domin a ganinta sallar kan kujera ba ta cika ba. Bayanin likita bai kwantar mata da hankali a nan ba, sai da limamin unguwarmu ya zo dubiya ya karanto mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, idan ba zai iya ba a zaune, idan ba zai iya ba a kan gefensa. Daga nan ta riƙa yi a kan doguwar kujera tana nuni da kai, auta kuma tana wanke mata ƙafa wajen alwala. A ganina duk wanda za a yi wa irin wannan aiki a ƙasarmu ya kamata a yi masa maganar salla da banɗaki tun kafin ranar aiki, ko bai tambaya ba, domin su ne abubuwan da zai yi sau da yawa kowace rana, kuma a kansu ya fi jin kunyar tambaya.

Masu dubiya sun zo da alheri mai yawa, mafi yawan shawararsu kuma ita ce ta kwanta ta huta har ƙashi ya haɗe. Wannan fahimtar karaya ce, inda ake ɗaure ƙafa a hana ta motsi. Sabuwar gaɓa motsi take bukata, shi ya sa aka tayar da Hajiya tsaye washegarin aiki da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Tattaki kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, da motsa idon sawu sama da ƙasa, da matse tsokar cinya a kwance, su ne ke tura jini su kuma dawo da ƙarfin da za a ajiye sanda da shi. Sai dai mai jin azabar ciwo ba ya iya motsi. An rubuta mata tramadol na 'yan kwanaki, sunan da kowa a Arewa ya san shi da shaye-shayen matasa, sai ƙanena ya ce ba za a ba mahaifiyarsa ƙwaya ba. Tsoronsa yana da tushe, domin magani ne da ke kama jiki idan an daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba, amma hana shi gaba ɗaya ya sa ta kasa tashi kwana 2. Likita ya tsara mana yadda za a ba ta shi da yadda za a rage shi. Ya kuma hana ta diclofenac da ibuprofen da ta saba saya, da ƙahon da wani ya ba da shawarar a yi mata, saboda mai shan maganin hana daskarewar jini yana iya zubar da jini ya ƙi tsayawa.

A ɗakin da Hajiya ta kwanta, gadon kusa da ita wata budurwa ce da ba ta kai shekara 30 ba, mai cutar sikila, wadda kan ƙashin cinyarta ya mutu saboda jini ya daina isa gare shi. Wannan na cikin manyan dalilan da ke kai matasa ga wannan aiki a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar jarirai masu sikila. Ciwo ya koya mata magana da likita tun tana ƙarama: ta san sunayen magungunanta, tana tambayar yadda za ta bambanta tashin sikila da ciwon aiki, kuma ita na ji tana tambayar shekara nawa ƙarfen zai yi. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar Bristol suka wallafa a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na irin waɗannan gaɓoɓi suna kaiwa shekara 25, wanda ga mai shekarun Hajiya albishir ne, ga budurwar nan kuwa yana nufin ta shirya wa yiwuwar a sake aiki wata rana.

Dabararta na tuno bayan abin da ya same mu. Idan likita ya gama bayani yanzu sai in ce, "Likita, bari in maimaita ka ji ko na fahimta," in faɗi abin da kalmomina, kuma sau biyu ana gyara mini a nan take. Kowane magani sai na san sunansa da aikinsa da ranar da za a daina shi, in rubuta aikin da Hausa a jikin kwalin. Mun ajiye littafi a gefen gado, duk wanda ya kwana da ita ya rubuta zafin jiki, da inda ciwo yake, da ko ta yi bayan gida, ta haka abin da aka gaya wa auta yana isowa gare ni ba tare da Hajiya ta keta kunyarta ba. Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu rabon, domin tambayar "kun gane?" da wuya ta sami "a'a" daga bakin mai jin nauyin likita, amma idan aka ce "Baba, gaya mini yadda za ka sha wannan idan ka koma gida", nan take za a ga inda giɓin yake. Na san yawan marasa lafiyar da likita ɗaya ke gani a yini a asibitocinmu, amma tambayar minti ɗaya ce, kuma da an yi mini ita a kan allurar nan da ban iya amsawa ba.

Yau wata 5 da aikin. Hajiya ta ajiye ƙarfen dogarawa, tana riƙe sanda ɗaya idan za ta shiga maƙwabta, ƙafar tana ɗan kumbura idan ta daɗe a zaune, tsamin cinya kuma yana zuwa idan tafiya ta yi nisa. A ganin likita na ƙarshe, kafin in buɗe littafin, ita da kanta ta ce, "Likita, tambayata biyu ce. Yaushe goshina zai taɓa ƙasa, kuma zan iya zuwa Umra?" Ya duba hoton, ya sa ta taka a gabansa, sannan ya ce batun sujada sai ta fara gwada durƙuso a sashen gashin ƙashi a gaban masu lura, a ga abin da gaɓar za ta ɗauka. Batun tafiya kuwa, ya ce mu dawo kafin a yanki tikiti, saboda wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa tana bukatar shiri kafin dogon zama a jirgi, kuma zai ba ta takardar da za ta nuna idan ƙarfen ya sa na'urar binciken filin jirgi ta yi ƙara. An rubuta mana mu koma nan da mako 6.